Koyon Rawar Larabawa a Ƙauyen Miji: Amsa Ga Wata Ƙanwata

Wata ƙanwata ta aiko mini da tambaya daga wani ƙauye na arewacin Kamaru da ke kan hanyar Garwa zuwa Gidar, bayan an wuce Pitowa. A Garwa ta tashi, aure ya kai ta can shekara biyu da suka wuce, gidan gandu, ga uwar miji ga faccaloli uku. Ta ce wata mata da ta daɗe a Injamena ta dawo garin, ta yi wa matan aure tayin koya musu rawar Larabawa, wadda ake yi da ƙugu. Ranta yana so ƙwarai. Sai dai garin na riƙo da al'adun dā ne, mace ba ta fita sai da dalili, kuma abin da aka yi a ɗaka da hantsi kafin la'asar ya isa bakin rijiya. Ta ce: "Yaya, in shiga ko in haƙura? In zan shiga, in faɗa ko in yi shiru? Kuma gaskiya ne rawar 'yan iska ce kamar yadda ake faɗa?"

Ƙanwata, ba yau aka fara kawo mini irin wannan tambaya ba. Shekara shida na yi a Alƙahira lokacin da maigidana yake karatu a Azhar, a can na koyi rawar, kuma tun da muka dawo Garwa nake gyaran amare, ina koya wa matan aure ita a cikin gida. Duk matan da na ga rawar nan ta jawo musu ɓacin rai, ɗayan abu biyu ne ya kama su: ko sun ɓoye wa manyansu, ko an ɗauke su a waya. Idan za ki iya toshe waɗannan ƙofofi biyu, ki koyi abinki hankali kwance. Idan ba za su toshu ba, ki dakata tukuna.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don sai kin san abin da kike nema kafin ki iya buɗe baki a gaban manya.

Ranar da na fara ganin rawar nan ido da ido, daren lallen 'yar maƙwabciyarmu ne. Ɗaki ƙarami a hawa na uku, an tura kujeru jikin bango, mata sun cika shi har bakin ƙofa. Babu namiji ko ɗaya, yaran da suka yi wayo ma an kore su ƙasa. Babu makaɗi. Wata ce ta kifa tukunyar alminiyam a cinya tana bugawa da tafin hannu, saura suna tafi. 'Yan mata suka yi ta shiga suna fita. Can sai aka taso kakar amarya a gaba, tsohuwa mai jiki, cikin baƙar doguwar riga har idon sawu. Ta ƙi, aka matsa, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Jikarta ta zare mayafi ta ɗaura mata a ƙugu. Tsohuwar nan ba ta gusa daga inda take ba, faɗin faifai ɗaya ya ishe ta. Kai bai motsa ba, kafaɗa ba ta motsa ba, ƙugu ne kaɗai yake amsa tukunya: inda aka buga da nauyi ya sauka, inda aka buga da sauƙi ya ɗaga. Ɗakin ya kaure da guɗa. Da ta gama sai ta koma mazauninta ta laluba aljihu ta ciro carbi.

Wannan ita Misirawa suke kira baladi, wato ta gida, ta 'yan gari. Ita ce uwa. Yarinya ba ta zuwa makaranta don ta koye ta, a gindin goggonninta take tsintarta. Wadda kike gani a fim, ciki a buɗe da kaya masu walƙiya, daga baya aka haife ta a gidajen rawa na birni, suna ce mata raƙsu sharƙi, rawar gabas.

Yadda aka yi ta sami sunan da kike tsoro kuwa, ga shi. A Masar ta dā akwai awalim, mata masu waƙa da wasa da ake gayyatowa gidajen manya su shiga ɓangaren mata, akwai kuma gawazi, masu rawa a titi da bakin kasuwa a gaban kowa. Tun a lokacin ba darajarsu ɗaya ba. A 1834 Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ya hana masu rawar titi sana'arsu a Alƙahira, da yawansu suka gangara kudancin ƙasar. Turawa matafiya na titin nan suka gani, tunda ba wanda zai shigar da baƙo namiji cikin matansa, kuma labarin na titin suka kai gida. Aka ɗauki masu rawa aka kai baje kolin Faris a 1889, aka kai na Shikago a Amurka a 1893, mutane suna biyan kuɗi su yi kallo. Sunan nan da kike ji a bakin masu Faransanci, danse du ventre, rawar ciki, Faransawa ne suka laƙaba mata. Masu abin ba haka suke kiranta ba. Sai a 1926 wata mata haifaffiyar Sham, Badi'a Masabni, ta buɗe gidan rawa a titin Imaduddin da ke Alƙahira, ta faɗaɗa rawar yadda za ta cika dandamali, da tafiya da juyi da wasa da mayafi. A hannunta Tahiyya Kariyoka da Samiya Jamal suka taso, finafinan Masar suka yaɗa su ko'ina.

To har yau Bamisire zai zuba kuɗi a kawo mai rawa bikin ɗansa, amma ba zai yarda ɗan ya aure ta ba. A can idan aka ce wa mutum "ɗan mai rawa", an zage shi. Amma uwarsa ta iya, ƙanwarsa ta iya, matarsa ta iya, kuma ba wanda ya ga laifinsu, domin a ɗaki suke yi cikin 'yan'uwansu mata. Abin da suke dubawa shi ne wa ke kallo, kuma don me ake yi.

Shin ba haka muke ba mu ma? Uwar mijinki da take gyaɗa kai idan an ambaci rawa, ki tambaye ta wace ce gwanar amada a zamaninsu, za ki sha labari. Matan kulle sun daɗe suna kifa ƙwarya ranar suna da ranar biki, a rufe ƙofar zaure, a yi kiɗa a yi rawa a yi habaici, ba namijin da zai leƙo. Ga shantu, ga kiɗan ruwa, ga gaɗar 'yan mata a dandali. Ga jigida, wadda tsofaffinmu suka ɗaura tun suna 'yan mata, kuma kowa ya san ba don a rataye ta a bango aka yi ta ba. Sannan ki duba kayan gyaran da ba amaryar da ake kaiwa yanzu ba tare da su ba: dilka, halawa, humra. Ta hanyar Chadi da Sudan suka iso mana, a hannun matan Shuwa da Barebari, yau sun zama 'yan gida. A Sudan ɗin ma amarya takan yi makonni tana koyon rawa a wurin gwana kafin biki, da gangar da suke kira dalluka, ta yi ta a gaban mata da angonta. Saboda haka abin da wannan mata ta zo da shi daga Injamena yana da dangi a garinku, sunansa ne kawai baƙo.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Kada ki yi ko kwana ɗaya kina koyo a ɓoye. A ƙauye babu ɓoyo, jinkiri ne kawai. Ranar da maganar za ta fito, ba wanda zai ce "an gan ta tana koyon rawa cikin mata". Cewa za a yi "ashe duk fitar nan da take yi, gidan wance take zuwa". Daga nan an bar zancen rawa an koma zancen amana, kuma wannan tabo ya fi wuyar gogewa. Ke baƙuwa ce a garin, 'yar birni, da ma ido yana kanki.

Mijinki za ki fara sama. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, babu bashi a kansa, babu rigimar gona. Kada ki nuna masa bidiyon intanet don ya gane, domin abin da zai gani shi ne mace tsirara-tsirara a gaban maza, ya ɗora fuskarki a kai. Ki faɗa masa da bakinki: rawa ce, ta mata zalla, da sutura, a cikin gida, sa'a ɗaya, rana kaza. Kada ki sakaya ki ce motsa jiki ne kawai, ki kira ta da sunanta, don kada gobe ya ce an yaudare shi. Idan ya amince, ki roƙe shi kada ya riga ki gaya wa mahaifiyarsa. Ke za ki je, da 'yar humrarki ko goro, ki durƙusa ki ce: "Inna, ga abin da aka zo da shi gari, na ce ba zan sa ƙafa ba sai kin gani da idonki kin ce ya dace." Da ɗan gari akan ci gari. Tsohuwa ba ta cika ƙin abu don kansa ba, abin da ke ci mata rai shi ne ta ji a bakin wasu.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye na bakin Binuwai, inda aka ɗauke ni gyaran amarya. Ƙawayenta suka roƙe ni in nuna musu, na ce sai an kira uwar gidan. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta zauna ta haɗe rai, hijabi har ƙasa. Na ɗaura ɗankwali a ƙugu a kan atamfata, na sa wata yarinya ta kifa ƙwarya. Ban yi komai ba sai sauke ƙugu da ɗaga shi, a hankali, ina tsaye wuri ɗaya. Tsohuwar ta yi shiru har na yi kusan minti biyu. Sai ta ce wa yarinyar: "Ke, ba haka ake bugawa ba, miƙo nan." Ta karɓi ƙwaryar ta gyara mata zama a kan tsumma, ta shiga bugawa da zoben hannunta. Da muka tsaya ta ce: "Wannan ai namu ne, jigida ce kawai babu." Tun daga ranar, duk wadda ta taso da magana a garin, ita ke tare ta.

Ba mu kaɗai ba ne manya ke buɗe wa hanya. A Masar, da Mahmud Rida ya kafa ƙungiyarsa ta raye-rayen gargajiya a 1959, babbar 'yar rawarsu Farida Fahmi ce, kuma abin da ya sa gidajen mutunci suka saki jiki da su shi ne mahaifinta farfesa ne a Jami'ar Alƙahira, ya tsaya mata a fili.

Sai wuri. Ban san matsayin wannan mata a garinku ba, amma idan bazawara ce mai zaman kanta, kada a yi a gidanta, ko da mutuniyar kirki ce. Ita ma kin rufa mata asiri. A yi a gidanku, ko gidan uwar adashinku, ko gidan wata dattijuwa da ake jin nauyinta, inda da ma mata sun saba taruwa. Da rana za a yi, tsakanin azahar da la'asar, bayan an sauke tukunya, a tashi kafin kiran salla. Ban da dare. Ban da watan azumi, ban da lokacin da ake zaman makoki a unguwa. Kada kuma ku fara a tsakiyar damina ko lokacin tsinkar auduga da roron gyaɗa, sa'ad da kowane hannu ake nemansa. Idan aikin gida ya kwanta sau ɗaya saboda rawa, an sami sandar dukanku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi, amfani ya shigo rumbu, gari da sanyi. Maris da Afrilu kuwa kin san ƙasarmu, zafi yakan haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda.

Kada a kunna sifika. Kiɗan Larabawa idan ya tsallaka katanga, sai ya kai wa mazan da ke zaune a gindin darbejiya hoton da ba shi ake yi ba. Ƙwarya ta ishe ku, kuma kunnen garin ya saba da ita. Sauti biyu ne kacal: dum, da gindin tafi a tsakiyar ƙwarya, da tak, da yatsu ko zobe a gefenta. Wanda suka fi bugawa sunansa maƙsum: dum tak, tak dum, tak. Na baladi: dum dum, tak dum, tak. Na mutanen kudu, sa'idi: dum tak, dum dum, tak. Wannan na ƙarshe nake fara ba matan ƙauye, don da doguwar riga mai rufe jiki ake yinsa tun asali, wani lokaci da 'yar sanda a hannu, kuma yana da nauyi da taku irin wanda ƙafarmu ta sani.

Ta fuskar addini, ni ba malama ba ce, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa miki. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin wasa ba, domin mutanen Madina suna son wasa. Ya tabbata kuma 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakinta ranar idi bai hana ba. Kayan kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani a kansu, kuma da yawa daga malamanmu na nan suna tsanantawa, suna sassauta wa mandiri a biki. Wannan ma dalili ne na tsayawa a kan ƙwarya da tafi. Tsakanin mace da mace, daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, don haka zancen buɗe ciki bai ma taso ba. A kan rigarki za ki ɗaura gyale, shi ke nuna motsin. Akwai kuma hadisin da ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. Wannan ku mayar da shi dokar ajinku tun ranar farko: abin da aka gani a ɗakin, a ɗakin zai kwana. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki sa mijinki ya tambayi limamin garin, amma ya kwatanta masa abin yadda yake, mata zalla, da sutura, babu baƙon ido.

Ƙofa ta biyu ita ce waya, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Sau ɗaya na yi sakaci da ita, har yau abin yana raina. A wani kamu ne, mata zalla, na bar 'yan mata da wayoyinsu don na ga duk dangi ne. Wata matar aure da na koya wa ta shiga fili ta yi rawarta, da mayafinta da komai. Wata yarinya ta ɗauka, ba da mugun nufi ba, ta tura wa yayarta a WhatsApp. Kafin sati ya zagayo, abokan mijin matar sun gani a tashar mota. Rabin minti ne bidiyon. Wata biyu ta yi a gidan iyayenta kafin manya su shawo kan mijin, kuma ko da ta koma ba ta ƙara zuwa bikin kowa da sakin fuska ba. Kamaru tana da doka tun Disamba 2010 da ke hukunta wanda ya ɗauki sirrin wani ya yaɗa ba da izininsa ba, amma wace matar ƙauye ce za ta kai ƙanwar mijinta kotu? Ko an hukunta, hoton ba ya dawowa. Tun daga lokacin, kwando nake ajiyewa a bakin ƙofa. Kowa ta zo ta jefa wayarta, har tawa, har ta uwar gida. Wadda ta ce tana jiran kira, ta zauna a waje ta jira. Yaran da suka haura shekara shida ko bakwai ma a fitar da su, don yaro ba ya ɗauka a waya amma yana kwaikwayo a dandali, a tambaye shi inda ya gani.

Ita malamar, ki lura da ita a zama biyu na farko. Gwana takan fara da ɗumama jiki, ta nuna abu a hankali, ta gaya miki ƙafar da nauyinki yake kai, ta zo ta dafa ƙugunki ta gyara. Wadda kawai za ta tsaya a gaba tana burge ku ta ce ku bi, ta iya rawa amma ba ta iya koyarwa ba. Idan ta ƙi yarda da kwandon waya, ko ta ce tana so ta ɗauke ku don talla, ku sallame ta. Idan ta fara zancen akwai wani biki a otal a Garwa ko Marwa da ake neman masu rawa ana biya, ki tattara gyalenki. Haka idan rawar ta zama hanyar tallar maganin mallaka. Kuɗi kuwa ku biya wata-wata, kada ku dunƙule na wata uku ku ba ta.

Ga jikin kansa. Matan ƙauye sun fi matan birni saurin kama rawar nan, na gwada na gani. Macen da ta saba ɗauko tulu daga rijiya ta riga ta iya rabin abin: kai a tsaye cak, wuya a miƙe, ƙugu yana tafiyarsa a ƙasa. Sirrin rawar kenan, gaɓa ɗaya ta motsa saura su yi shiru. Ke da kika tashi da famfo, ki ɗora faifai a kai kina koyo, in ya faɗi kin san kafaɗa ta shiga aikin da ba nata ba.

Ki tsaya ba takalmi, tsakanin ƙafafunki kamar faɗin tafin hannu. A kan daɓe ko ƙasa, ban da tabarmar roba mai santsi. Gwiwa a sake, kada ki ƙame ta. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne turo mazaunai baya a lanƙwashe gadon baya, ana ganin shi ne kyau. Shi ke kawo ciwon baya. Ki ɗan tsuke mara, ki bar ƙashin bayanki ya kalli ƙasa, ƙirji a ɗage, kafaɗa a sauke. Daga nan ki mayar da nauyinki kan ƙafar hagu, ki ɗan gabatar da ta dama a kan yatsu, ki ɗaga ƙugun dama ki sauke shi daidai kan dum. Sau takwas, ki juya. Bayan wannan sai zana lamba 8 a kwance da ƙugu, kamar kina shafa ta a cikin faranti. Girgiza kuma, wadda kowa ke ɗokin ta, daga gwiwa take fitowa: wannan ta lanƙwashe, waccan ta miƙe, a hankali kamar mai taka laka, sannan a ƙara sauri kaɗan-kaɗan har naman jiki ya ɗauka da kansa, yadda gari ke rawa a cikin rariya alhali hannun mai tankaɗe ɗan motsi kaɗan yake yi. Wadda ta ɗaure jiki ta ce sai ta girgiza da ƙarfi, numfashinta ne zai ƙare. Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi sa'a biyu sau ɗaya a mako. A abin da na gani, sai an yi kamar wata uku kafin jiki ya daina gardama.

Tsamin jiki a kwiɓi da cinya na kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma ciwo mai suka a gwiwa ko a gadon baya, tsayawa ake yi a gyara tsayuwa. Idan kina da ciki, musamman watannin farko ko kin taɓa ɓari, kada ki yi sai kin tambayi ungozomar asibiti, kuma ki bar girgiza gaba ɗaya. Mai jego ta bari sai ta yi arba'in, wadda aka yi wa aiki kuma sai likita ya sallame ta. Kada wata ta ruɗe ki cewa rawar tana narkar da tumbi ita kaɗai, ko tana kawo haihuwa, ko tana hana kishiya. Abin da na san tana yi shi ne ta ƙarfafa ƙugu da cinya, ta gyara tsayuwa, ta sa mace ta san jikinta. Tana kuma yin wani abu da ba a cika faɗa ba. Amaryar da aka kai garin da ba ta da kowa, daga murhu sai rijiya sai ɗaki, idan ta sami sa'a ɗaya tana dariya da tafi cikin mata, kewar gida takan ragu. Na ji wannan a cikin saƙonki ko da ba ki rubuta shi ba. Don haka ki ja faccalolinki ku tafi tare, ko ɗaya ce. Abin da mata huɗu na gida ɗaya suke yi ba a kiransa iyayin 'yar birni.

Idan kuma kin bi duk hanyar nan aka ce a'a, ki karɓa da fuska a sake, kada ki zagaya ta baya. Sau da yawa a'ar farko ta gwaji ce, ana so a ga ko za ki yi biyayya. Ki bar maganar ta huce har wani biki ya taso a gidan, ranar da aka kifa ƙwarya kowa ta shiga fili, sai ki sake ɗaga ta a hankali. Kafin nan ba wanda zai hana ki rufe ɗakinki ki yi abubuwa ukun da na kwatanta miki, da sanin mijinki. In kin zo Garwa ganin gida, ki biyo ta wurina da gyalenki, in duba tsayuwarki in gyara miki.

Maganar Inna kuwa, ki bari sai ranar Lahadi da maza suka tafi kasuwar Pitowa gida ya yi shiru. Ki gama aikinki da wuri, ki dama mata fura, ki zauna kusa da ita ki fara tambayarta yadda aka yi bikinta, wa ya yi kiɗa, wa ya fi kowa rawa. Ki bar ta ta ba ki labari har ta gaji, sannan ki kawo taki.